Baƙon da ya zo taimako: wa ke bin wani bashi?

A watan Yulin 2006, ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta karkara, can kudancin Damagaram tsakanin Matamai da Magarya, sai darakta ya roƙe ni in jinkirta tafiya hutu. Wasu baƙi za su zo daga Turai, in ji shi, kuma tun da ni ne malamin Faransanci da Hausa, ni ya kamata in zama bakinsu da kunnensu. Samari ne da ƴan mata su 12, dukansu ɗalibai, babbansu bai wuce shekara 25 ba. Sun shekara suna tara kuɗi a garinsu, suna sayar da abinci da tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, har suka haɗa na jirgi da na siminti. Suka sauka Yamai, suka yi tafiyar kilomita wajen 900 a mota zuwa Zinder, washegari aka kawo mana su a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, rana ta mai da fuskokinsu jajur, suna ta murna. Mako uku za su yi, kuma a cikin makon ukun nan suke so su gina mana aji ɗaya.

Tun da farko ina so mai karatu ya san cewa yaran kirki ne. Ban ga raini a idon ko ɗayansu ba. Sun ci tuwon hatsi da miyar kuka ba tare da yatsina fuska ba, sun kwana a tabarma, biyu daga cikinsu zazzaɓi ya kwantar da su amma da suka tashi suka koma ɗaukar bulo. Da mugaye ne ko masu girman kai, da ban ɓata takarda a kansu ba, domin hukuncin mugu ba ya bukatar dogon tunani. Abin da ke da wuyar warwarewa shi ne alherin da aka yi da zuciya ɗaya, amma ya bar wa wanda aka yi wa wani abu a maƙogwaro da ba ya iya haɗiyewa, ba ya kuma iya tofarwa.

Ranar da za a ja harsashi, shugabarsu ta buɗe zanen ginin da wani ɗan uwanta ya yi musu tun a can gida. Tsohon maginin garin ya duba filin, ya duba inda aka kafa turaku, sai ya matso kusa da ni ya ce a hankali: «Mushe, ka gaya musu ƙofa da tagogin nan gabas suke kallo. Hadarinmu daga gabas yake tasowa.» Na ce: «To, Baba.» Na juya wajen baƙin, na ga yadda suke riƙe da takardar nan kamar wani abin gado, na tuna da tafiyar da suka yi da kuɗin da suka kashe, sai bakina ya yi nauyi. Abin da na faɗa musu da Faransanci shi ne, wai magini yana tambaya ko an tabbata da wajen da ginin zai fuskanta. Suka ce an tabbata, don hasken safe ya riƙa shiga aji. Na mayar wa tsohon. Ya yi shiru, ya ce: «Allah ya sa albarka», ya ɗauki igiyarsa. Ni ne tafinta, ni na haɗiye maganar, kuma na shekara biyu ina koyarwa a ajin nan, ina janye tebura zuwa bangon yamma duk lokacin da ruwan farko ya zo a ƙarshen shekarar karatu.

Akwai kuma wani lissafi da ban yi ba sai daga baya. Babban hutun Turai yana faɗowa ne a Yuli da Agusta, wato tsakiyar damina a nan, lokacin da kowane namiji mai ƙarfi yake gona da hauyarsa, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. A ƙasar Hausa da rani ake gini, kowa ya san haka. Amma baƙi sun zo, ba a barin baƙo yana aiki shi kaɗai. Maigari ya raba magidanta kashi-kashi, kowa ya bar nomansa kwana biyu ko uku ya zo kwaɓa siminti. Mata suka ƙara tafiya rijiya, domin ga ruwan gini, ga ruwan wankan mutum 12 waɗanda suka saba wanka safe da yamma. Kaji sun mutu ba adadi, ranar ban kwana aka kayar da rago. Wannan kuwa shekara ɗaya ce kacal bayan yunwar 2005, wadda ta fi tsananta a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma gidaje da yawa ba su gama biyan bashin hatsin da suka ci ba. Bayan wata huɗu rahoton tafiyar ya iso ta gidan waya, mai shafi wajen talatin, cike da hotuna masu kyau. An jera kowane buhun siminti da kowace ƙusa da sunan wanda ya biya. Abin da garin ya bayar kuwa layi ɗaya ya samu, inda aka yaba da «haɗin kan jama'a».

Idan aka kawo irin wannan magana a zauren malamai, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce ta niyya: ai don Allah suka yi, ko don tausayi, kuma da niyya ake auna aiki. Gaskiya ne hadisin farko da yaro yake haddacewa a Arba'una Hadisi a kan niyya yake. To amma niyya tsakanin mutum da Ubangijinsa take, ita ce ma'aunin ladansa. Ba ita ce ma'aunin abin da ya faɗa a kan wanda aka yi wa aikin ba. Likitan da ya ba da maganin da bai dace ba da kyakkyawar niyya, mai yiwuwa Allah ya yafe masa, amma cikin majinyaci ba ya daina ciwo don haka. Addinin da ya girmama niyya shi ne kuma ya yi kashedi, a cikin Suratul Baƙara, a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ke nan tun can an san cewa kyauta tana iya fita daga hannu mai tsabta ta isa da ƙaya a jikinta.

Wasu kuma sukan bi ta hanyar kuɗi, su ce: da sun zauna gida sun aiko da kuɗin jirginsu, da an gina aji biyu maimakon ɗaya, da maginan gari sun samu aiki. Lissafin daidai ne, na yi shi da kaina, kuɗin jirgin mutum 12 ya kusa kuɗin aji guda na siminti da kwano. Ivan Illich, wani limamin Kirista haifaffen Viyana, ya faɗi abin da ya fi wannan zafi a 1968, gaban ɗaliban Amurka masu irin wannan tafiya: ya ce musu su zo su yi kallo, su zo su yi karatu, amma su daina zuwa da sunan taimako. Sai dai ni wannan hujja ba ta gamsar da ni gaba ɗaya. Mutum ba ya tara kuɗi shekara guda don ƙauyen da ba zai taɓa gani ba. Tafiyar ita ce ta jawo kuɗin. Kuma Bahaushe da kansa ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. Ba na son duniyar da masu hali za su riƙa aiko da kuɗi daga nesa kamar mai jefa wa kaji tsaba, ba su san fuskar kowa ba. Zuwan ba laifi ba ne. Matsalar tana ga matsayin da mai zuwa yake tsayawa a kai in ya iso.

Birnin Damagaram ya daɗe da sanin baƙi. Unguwar Zango tun asali masaukin ayari ce, a wajen ganuwar Birni, inda fataken Abzin da na Arewa suke sauke kaya, kowa da mai masaukinsa wanda yake ciyar da shi, yake yi masa jagora a kasuwa, yake kuma gaya masa abin da ake yi da abin da ba a yi a garin. Baƙo yana da haƙƙi babba, har ana cewa baƙonka annabinka. Amma haƙƙin yana da iyaka: a hadisi kwana uku ne liyafa, abin da ya wuce haka ya zama sadakar mai gida. Hikimar wannan iyaka ta daɗe tana ba ni sha'awa. A cikin kwana ukun nan ba a musa wa baƙo, ba a gyara masa magana, ba a nuna masa cewa tulu ya kusa ƙarewa. In ya wuce haka, ko dai ya kama hanya, ko kuma ya sauko daga kan buzun baƙunci ya zama ɗan gida, wanda ake iya aike, ake iya ce wa «ba haka ake yi ba». Tafiyar mako uku tana da wani aibi da ba a cika lura da shi ba: ta yi tsawon da za ta gajiyar da mai masauki, amma ba ta yi tsawon da kunya za ta kau ba. Daga ranar sauka har ranar tashi mutanen nan baƙi ne, kuma baƙi masu kyauta a hannu. Wa zai ce musu a'a? Ni da na yi karatu, nake jin harshensu, na kasa. Ina ga tsohon magini?

Kada a ɗauka ina nufin idon baƙo kullum makaho ne. A watan Janairun 1851 wani Baturen Ingila, James Richardson, abokin tafiyar Barth, ya sauka a Zinder ya yi ƴan makonni, kafin ya rasu a watan Maris a kan hanyar Kukawa. Abin da ya fi tayar masa da hankali a garin shi ne farautar bayi da cinikinsu, abin da manyan gari na lokacin suka ɗauka ruwan dare. A wannan batu baƙon ne yake da gaskiya, ko da kuwa gwamnatin da ta aiko shi tana da nata bukatun. Baƙo yakan ga abin da ɗan gari ya gaji da gani har ya daina gani. To amma a cikin wannan zamanin ne kuma aka kama wani yaro ɗan Dambanas, kusa da Kance, mai suna Dorugu, aka sayar da shi, daga baya aka ƴanta shi ya bi Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan, Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da kalmomi, ya zame masa rijiyar da yake ɗiban Hausa. Littafin Magana Hausa ya fito a 1885 da sunan Schön a bangonsa. Duk lokacin da na koyar da tarihin rubutun Hausa na boko nakan tsaya a nan in tambayi ɗalibai: a tsakanin mutanen nan biyu, wa ya taimaki wani? Yaron Damagaram ya ba da abin da babu mai iya ba da shi sai shi, aka rubuta shi a matsayin wanda aka ceta. Layi ɗayan nan na rahoton 2006 yana da kakanni.

Na ga wani irin zuwan dabam. Ƙungiyar Amurkawa ta Peace Corps, wadda mu a nan muka fi sani da sunanta na Faransanci, Corps de la Paix, shugaba Kennedy ne ya kafa ta a 1961, ta fara aiko matasa Nijar a 1962, kuma fiye da 3,000 ne suka yi aiki a ƙasar nan kafin ta tafi. Faransa ma ta kafa tata, ta Volontaires du Progrès, a 1963. Ba na mantawa cewa waɗannan ƙungiyoyi ƴaƴan siyasar zamaninsu ne, kowace ƙasa tana neman masoya. Amma tsarin Amurkawan yana da abu biyu: shekara biyu ake yi, kuma sai an koyi harshe, a Hamdallay kusa da Yamai, kafin a kai mutum ƙauye shi kaɗai. Wata daga cikinsu ta zauna a wani gari kusa da namu. Aka raɗa mata sunan Hausa, ta zauna a ɗakin ƙasa, tana zuwa suna da gaisuwar mutuwa. A watanninta na farko ta kawo shawarwari da yawa, kowa ya ce «to, madalla», ba a yi ko ɗaya ba. Sai da ta kusa shekara, ranar da wata tsohuwa ta yi mata faɗa a bainar jama'a don ta wuce ba ta gaishe ta ba, sannan aikinta ya fara tafiya. Daga ranar aka soma gaya mata gaskiya: wannan ba zai yiwu ba, wancan an taɓa gwadawa, ga abin da ya hana ƴan mata zuwa lakwal ranar kasuwa. Abin da ta bari ba shi da yawa, wani ɗan lambu ne da ƴan mata ƙalilan da suka kai ga brebe. Amma da za ta tafi ta tsaya gaban mata ta ce, da Hausarta mai karkata, ita ce aka yi wa alheri, kuma ba ta san yadda za ta biya ba. Na ga tsofaffi suna gyaɗa kai. Ba don tawali'u suka ji daɗin maganar ba, sai don lissafin ya fito daidai.

Ko ita ɗin ma akwai tazarar da zama bai cike ba. A ranar 7 ga Janairun 2011 aka sace wasu samari biyu Faransawa a wani gidan abinci a Yamai, aka kashe su washegari. Cikin ƴan kwanaki ƙungiyar ta kwashe mutanenta duka daga ƙasar, kuma ba ta komo ba. Ban zarge su ba, ran ɗan kowa yana da daraja, kuma abin da ya faru a Kure a watan Agustan 2020, inda aka kashe ma'aikatan agaji Faransawa shida tare da direbansu da jagoransu ƴan Nijar, ya nuna tsoron ba na banza ba ne. Amma ya kamata a faɗa: mai taimako yana da ƙofar fita, wanda ake taimako ba shi da ita. Talaucin da baƙo ya ɗanɗana na aro ne, yana da ranar mayarwa.

A nan ne kalmar «sa-kai» take ba ni dariya mai ɗaci. A 1998 gwamnatin Nijar ta fara ɗaukar malaman makaranta da ta kira volontaires de l'éducation, wato ƴan sa-kai na ilimi, waɗanda daga baya aka koma kira ƴan kwantaragi. Albashinsu bai kai rabin na cikakken ma'aikaci ba, ga shi yakan yi jinkiri. Su ne suka cika azuzuwan karkara, wasu shekara goma a garin da ba ruwa ba asibiti. Ba wanda ya yanka musu rago, ba wanda ya ɗauki hotonsu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ta nan suka bi. Kalma ɗaya ce aka saka wa mutum biyu: ɗaya ya sa kansa don yana da zaɓi, ɗaya an sa shi don ba shi da wani.

Marcel Mauss, a littafinsa kan kyauta wanda ya fito a 1925, ya nuna cewa a al'ummomi da yawa kyauta tana tafe da wajibai uku: bayarwa, karɓa, da mayarwa, kuma wanda aka ba abin da ba zai iya mayarwa ba an sa shi ƙasa. Guy Nicolas ya bi wannan sawu a ƙasar Maraɗi, ya rubuta littafi guda a kai a 1986. Amma uwayenmu mata ba su jira su ba. Kowace mace ta san abin da aka kawo mata ranar biki, ta san kuma abin da za ta mayar in bikin waccan ya zo. Ko yaron da aka aiko da kwanon abinci ba a barinsa ya koma hannu sake, sai an ba shi tukwici. Ragon nan na ranar ban kwana, wanda baƙinmu suka ji nauyinsa har ɗaya ta yi hawaye tana cewa bai kamata matalauta su yi wannan ɓarna ba, ba ɓarna ba ne. Garin ne yake ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsa, yana cewa mu ma masu bayarwa ne. Wanda ya ƙi karɓar tukwici, ko ya karɓa bai rubuta ba, ya ƙwace wa mutane abin da ya fi aji tsada.

Muna da namu tsarin aikin taimako, wato gayya, kuma in aka aza shi kusa da tafiyar sa-kai sai bambancin ya fito fili. A gayya mai gona ne yake kira. Shi yake sa rana, shi yake nuna inda za a fara, shi yake ciyarwa, kuma kowa ya san wata rana shi ma za a kira shi. A tafiyar sa-kai mai zuwa ne yake zaɓen gari, ya zaɓi wata, ya zaɓi aiki, kuma ba a sa ran ramuwa, domin hanyar ba ta komawa. Ɗan ƙauyenmu ba zai samu biza ya je ya shafe bangon wata makaranta a Turai ba. Tafiyar da mutanen wannan yanki suke yi zuwa waje wata iri ce: a watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Daga ƙasar Dorugu ke nan, ƙasar da baƙinmu suka zo da jirgi suka koma da jirgi.

Duk da haka akwai abin da yake hana ni ɗaga murya da yawa. A ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka mutu. A ranar 8 ga Nuwamban wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aƙalla 25 suka tafi. Hukumomi a lokacin sun ce azuzuwan zana a ƙasar sun kai wajen 36,000. Uban da ɗansa yake karatu a rumfar kara ba ya tambayar ko ƙofar ajin siminti gabas take kallo ko yamma. In na ce kada kowa ya zo sai ya cika sharuɗɗan da na gindaya, ni da nake zaune a birni, ƴaƴana suna karatu ƙarƙashin kwano, to na yi wa wani girman kai da cikinsa. Don haka ban ce ajin 2006 bai yi amfani ba. Ya yi, ɗaruruwan yara sun zauna a cikinsa. Abin da nake cewa shi ne amfanin abu ba ya goge tambayar yadda aka ba da shi, kamar yadda ƙoshi ba ya hana mutum tuna cewa a ƙasa aka ajiye masa kwanon.

Yau dai maganar Turawa masu zuwa ƙauyukan Damagaram ta zama labari. Rashin tsaro ya fara rage su, ƙone cibiyar al'adun Faransa ta Zinder a tarzomar Janairun 2015 ya ƙara, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantaka da ƙasashen Yamma ta yi tsami, aka rufe ofishin jakadancin Faransa, aka kuma dakatar da wasu ƙungiyoyin agaji. Sana'ar kanta ba ta mutu ba, kamfanoni suna ci gaba da sayar wa matasan Turai da Amurka mako biyu na «taimako» a Gana ko Kenya ko Nepal, kamar yadda ake sayar da yawon buɗe ido. Mai karatu zai iya cewa, to me ya kawo wannan dogon zance a kan baƙin da suka riga suka tafi?

Abin da ya kawo shi shi ne buzun da suka tashi a kai bai zauna ba kowa ba: mu muka hau. Ƙungiyoyinmu na malamai, na tsofaffin ɗalibai, na ƴan asalin gari mazauna Yamai ko Zinder, kowace shekara muna shirya ayari zuwa karkara da kwalayen littattafan rubutu da alli. Abu ne mai kyau, ni ma ina ciki. Amma a duba yadda muke yi. Mu muke sa rana, sau da yawa ranar da ta dace da hutunmu. Mukan iso da azahar alhali an tara yara tun hantsi a rana. Mukan yi jawabi rabi da Faransanci gaban iyayen da ba su ji, mu jera yara kowa ya ɗaga littafinsa sama, mu ɗauki hoto, kafin mu kai kwalta hoton ya riga mu isa Facebook da WhatsApp. Garin kuwa ya yi girki na mutum talatin, wanda in aka yi lissafi wani lokaci ya fi kayan da muka kawo kuɗi. Malamin garin, ɗan kwantaragin da ya san wane yaro ne ba ya gani sosai, wace yarinya ce za a cire bana, yana tsaye a gefe yana riƙe mana kujeru. Ba mu da uzurin da yaran 2006 suke da shi, domin mu muna jin Hausa, mun san damina, mun san ma'anar «to, madalla» in ta fito daga bakin dattijon da bai yarda ba. Fatar jiki ba ita ce ta sa su kuskure ba. Matsayi ne, kuma matsayin nan ɗan birni mai albashi yana iya hawansa daidai da Bature.

Ga shi kuwa akwai ƙofar da za a iya ƙwanƙwasawa. Kowace makaranta tana da kwamitin iyaye da malamai mai kula da ita, wanda aka sani da COGES. Wani shiri da Japanawa suka tallafa, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004 kafin ya iso Damagaram ya kuma bazu ƙasa duka, bai kawo siminti ba: abin da ya nace a kai shi ne a zaɓi ƴan kwamitin ta hanyar ƙuri'ar asiri, kuma gari ya zauna ya tsara da kansa abin da makarantarsa take bukata a shekara. Inda kwamitin yake da rai, takardar nan tana nan a aljihun darakta. Ƙungiya nawa ce daga cikin namu ta taɓa neman ganinta kafin ta sayi kaya? A taronmu na bara na kawo shawarar mu aika mutum biyu tun wata guda kafin tafiya, hannu sake, su kwana, su saurara, kuma a rahotonmu mu buɗe shafi na abin da gari ya kashe a kanmu, da kuɗinsa. Wani abokin aiki ya ce wannan zai kunyata mutanen gari. Na ce ina jin mu zai kunyata. Ba a yanke shawara ba, an ɗage maganar zuwa wani zama.

Da rani na koma garin nan gaisuwar rasuwar tsohon magini. Bayan an yi addu'a ɗansa, wanda ya gaji sana'ar, ya raka ni makaranta. Ajin yana nan, kwanon ya yi tsatsa amma bai yoyo. Ya ce shekara biyu bayan an canza mini wurin aiki, kwamiti ya sa kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa bayan girbi, mahaifinsa ya toshe ƙofar gabas da tagoginta, ya fasa wasu a bangon yamma, kwana huɗu aikin ya ɗauka. Allon ƙarfen da baƙin suka kafa, mai ɗauke da sunan ƙungiyarsu da shekarar 2006, ba a taɓa shi ba. Yana nan a bangon gabas, gefen inda ƙofar take a da. Na tambaye shi me ya sa ba a mayar da shi wajen sabuwar ƙofa ba. Ya ce: «Mushe, ai Baba cewa ya yi a bar musu shi inda suka sa, kada wata rana su dawo su ga kamar ba mu gode ba.»